Alajo: Ranar da na ga an kwashe kunkunniya daga maƙogwaron motar ƙanena

Abin ya fara ne a kan gadar sama ta Circle. Ƙanena ya ɗauko fasinja cike da Sprinter ɗinsa, ya taka totur har ƙasa, amma motar sai nishi take yi tana zubar da baƙin hayaƙi, babura da 'yan tasi na wuce shi suna danna masa hon. Da yamma ya zo gida Maamobi ya same ni, ko waakyen da aka ajiye masa bai taɓa ba, ya ce: "Yaya, injin nan ya tafi."

Maganar ta shafe ni kai tsaye, domin rabin kuɗin motar nawa ne. Mun haɗa hannu muka saye ta a matsayin abin da 'yan Ghana ke kira "hom-yus", wato wadda ta gama aiki a Turai aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tema, irin wadda a Najeriya ake cewa tokumbo. Ita ke ciyar da gida biyu. Duk ranar da trotro ta kwana a gareji, babu balas, babu kuɗin cefane, kuma yaron mota ma ya koma gida hannu rabbana.

Bakaniken farko da ya duba ta ya ce turbo ne. Na biyu ya ce nozul ne, a je Abossey Okai a sayo saiti. Wanda ya san Abossey Okai, babbar kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, ya san ba a shigarta da aljihu mara nauyi. Ana cikin wannan ne wani dattijon direba a tashar Nima ya ce kafin mu sayi ko da noti ɗaya, mu kai ta wajen wani masta a Alajo.

Alajo ba ta da nisa da mu, Kotobabi da New Town ne a tsakani. Garejin fili ne kawai da rumfar kwano a kusa da babbar kwata, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin saboda shekarun da ta yi tana shan baƙin mai. Mastan bai yi doguwar magana ba. Ya sa aka tayar da motar, ya saurara, ya tambayi ƙanena hanyar da yake bi da awa nawa injin ke yi yana kunne a tasha ana jiran lodi. Daga nan ya kwance bututun da ke kai iska cikin inji, ya zura yatsa, ya fito da shi ya nuna mana. Kamar ya tsoma shi a kwalta.

"Motanka bai mutu ba," in ji shi, da irin Hausarmu ta Zango wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji. "Mura ne ya kama shi."

Sai da aka shafe fiye da awa biyu kafin yaransa su ciro abin da kanikawa ke kira manifol, wato ƙarfen nan mai rassa wanda ke raba iska zuwa kowace silinda. Da aka ɗaga shi a rana, na leƙa ramukan. Ramin da ya kamata yatsu uku su shige, da ƙyar ɗaya zai wuce. Sauran duk wata baƙar dasƙararriyar kunkunniya ce, samanta danƙo, ƙasanta tauri kamar ƙanzo.

Ga yadda take taruwa. Injin dizal na zamani yana da wani bawul da ake kira EGR, aikinsa shi ne ya ɗebi wani kaso na hayaƙin da ya kamata ya fita ta salansa ya mayar da shi cikin inji. Dalili kuwa shi ne hayaƙin yana rage zafin ƙonewar mai, idan zafin ya ragu sai iskar nan mai guba ta naitirojin, wadda ke ƙona huhu tana tayar da asma, ita ma ta ragu. Dokokin hayaƙi na Turai, waɗanda suka soma da Euro 1 a 1992 suka yi ta ƙara tsanani, su ne suka tilasta wa masu ƙera motoci bin irin wannan hanya. To amma hayaƙin dizal yana ɗauke da toka. A gefe guda kuma akwai wani ƙaramin tiyo da ke kwaso tururin man inji daga ƙasa ya zuba shi a hanyar iska ɗaya. Toka busasshiya ta haɗu da tururin mai, sai su zama kwaɓi, su manne a bango. Yau kaɗan, gobe kaɗan.

Motar da ke gudu a babbar hanya a Jamus takan daɗe kafin ta toshe, saboda idan inji na jan kaya da ƙarfi bawul ɗin rufewa yake yi. Lokacin da ya fi buɗewa shi ne a tafiyar hawainiya, kuma rayuwar trotro ke nan tun asuba har dare: Nima zuwa Circle, tsaya, sauke, ɗauka, gosulo, sannan a bar inji a kunne a tasha don kada batir ya ba da kunya.

Direbobi sun fi son su ɗora laifin a kan mai, kuma suna da tarihin da za su kafa hujja da shi. A watan Satumbar 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto a kan yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa dizal mai yawan sinadarin sulfa musamman domin Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Ghana ta yarda da sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai iyakarsa 10. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa a 2017 Ghana ta sauko da nata zuwa 50. Man ya gyaru sosai. Sai dai manifol bai daina toshewa ba, tunda gosulon yana nan, tsofaffin injuna masu shan mai suna nan, haka ma ɗabi'armu ta jinkirta juye har sai man inji ya koma kamar kunun kanwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wankin kansa, domin a nan ne na ga bambancin masta da ɗan koyo. Kafin a taɓa komai, sai da ya sa aka cusa tsumma mai tsabta a kowane rami na kan injin. Ya ce ɓarɓashi ɗaya mai tauri idan ya faɗa ciki ya maƙale a bakin bawul, aikin yini ɗaya ya zama na mako. Sannan yara biyu suka zauna a kan tsohuwar taya da sukuddireba da wani cokalin shayi da aka lanƙwasa, suna ƙwaƙulowa suna zubawa a gwangwanin madara. Bayan sun cire mai kauri, aka jiƙa manifol ɗin a kananzir, aka bi shi da buroshi, aka wanke da ruwan omo mai zafi.

Ɗaya daga cikin yaran ya kawo shawarar a sa masa wutar walda a ƙone dattin, wai haka ake yi a garejin da ya baro, minti goma an gama. Mastan ko kallonsa bai yi ba. Ni ya juyo ya yi wa bayani: manifol na alminiyam idan ya sha wuta yakan karkace, bakinsa ya daina zama daidai, iska ta riƙa zurarewa. Na roba kuwa, wanda yawancin sababbin injuna ke zuwa da shi, narkewa zai yi, tare da ƙananan marafan da ke cikinsa masu juya iska. Haka soda mai ƙuna da wasu ke jiƙa shi a ciki, tana cin datti, amma tana cin alminiyam ɗin ma. A Turai da Amurka akwai masu fesa garin ɓawon gyaɗar turawa da iska mai ƙarfi su kankare ramukan kan inji. A Alajo cokali ne da haƙuri.

Aka wanke bawul ɗin EGR shi ma, aka goge ɗan na'urar da ke auna ƙarfin iska a hankali, aka shanya komai a rana. Ƙanena yana ta duba agogo, yana so ya kama lodin yamma. Mastan ya hana. Ruwa ko kananzir da ya rage a lungu, inji zai zuƙe shi, kuma fistin ba ya iya matse ruwa, sai dai wani ƙarfe ya lanƙwashe. Gasket kaɗai muka saya sabo.

Gardamar da aka yi a ƙarshe ita ce har yanzu ba ta mutu ba a gidanmu. Wani direba da ke jiran tasa motar ya ce wa ƙanena ya daina wahalar da kansa, a yanko ɗan faranti na ƙarfe a toshe hanyar EGR ɗin gaba ɗaya, shi ke nan an rabu da kunkunniya. Da yawa sun yi haka, kuma gaskiya ne manifol ɗinsu ba ya sake cika da wuri. Mastan ya ce idan mun ce a yi, zai yi, amma a wasu injunan kwamfutar mota za ta gane ta kunna fitila ta rage ƙarfi, sai an sake biyan mai laftof. Ni kuma abin da ya tsaya min a rai daban ne. Gubar da bawul ɗin ke ragewa, idan an toshe shi, a titin Nima za ta fita, daidai tsayin hancin mai sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, da yaran da ke tsallakawa zuwa makaranta. Mahaifiyarmu ta shekara ashirin tana sana'a a bakin wannan titi. Na ce ba za a toshe ba. Ƙanena ya ce ai ba ni ke zama a bayan sitiyari ba.

Ban wanke kaina tas ba, domin na ga inda baƙin kananzir ɗin wankin ya nufa. Kwatar Alajo a kogin Odaw take zubawa, Odaw kuma ya bi ta Circle ya faɗa tafkin Korle. Na gani, na kau da kai, na biya kuɗin aiki.

Da aka tayar da motar ta yi tari biyu, ta watso wani gajimaren hayaƙi, sannan muryarta ta daidaita. Kafin mu fita mastan ya leƙo ta taga ya ce wa ƙanena ya daina barin inji a kunne a tasha, ya riƙa juye a kan lokaci, kuma ko sau ɗaya a mako ya hau babbar hanyar Tema ya sake ta ta yi gudu har ta yi zafi sosai.

A hanya ƙanena ya tambaye ni wa zai biya dizal ɗin zuwa Tema da dawowa idan babu fasinja. Muka yi ta ja har muka iso Maamobi. A kasona ake cirewa.