Tasawa da Mayahi: Wace Irin Tashar Lantarki ta Dace da Mu?

Tun daga 1994 jihar Maraɗi ta jingina ga wutar Nijeriya, wadda ke tasowa daga Katsina bisa layi mai kilobolt 132, ta sauka a Gazawa, maƙwabciyar Tasawa. Da aka katse ta a watan Agusta na 2023 saboda takunkumin CEDEAO, nauyi ya koma kan injunan gazuwal na NIGELEC, garuruwa suka shiga karɓa-karɓa.

To, duk mai tsara tasha a wannan yanki, wajibi ne ya fara tambaya: za ta iya tsayawa ita kaɗai ranar da layin ya mutu? Ba ƙaramin aiki ba ne. Injin niƙa da famfon rijiyar burtsatse sukan ja wuta har ninki shida lokacin tashi. In janareto ya yi ƙanƙanta, sai unguwa duka ta dushe.

Ga kuma bazara. Ƙarfin da aka rubuta a jikin inji, a zafin digiri 25 aka auna shi, alhali watan Afrilu a Mayahi yakan haura 40. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe matatar iska, ta lulluɓe allunan hasken rana, a ƙasar da ruwan wanke su ke da nisa.