Kallon Kifin Wel Daga Bakin Gaɓa a Tadoussac

A lardin Quebec na ƙasar Kanada akwai wani ƙaramin gari, Tadoussac, daidai inda kogin Saguenay ya zubo cikin babban kogin St. Lawrence. Da sanyin hunturu garin tsit yake. Amma da zarar watan Yuni ya kama har zuwa Satumba, lokacin zafinsu ke nan, sai ka ga jama'a sun yi dafifi a kan duwatsun bakin ruwa, kowa ya zuba ido. Kifin wel suke jira.

Ko da yake kifi muke ce masa, wannan dabba haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono, kuma da huhu take numfashi. Dole ta riƙa tasowa saman ruwa ta shaƙi iska ta kafar da ke tsakar kanta. Wannan dolen ce ta ba mutum damar ganinta daga tudu. Idan ta taso sai ta fesar da tsohon numfashi da ƙarfi, ya tashi kamar tururin tukunya, kuma idan iska ta kwanta har ƙararsa ana ji tun kafin ido ya gano inda take.

To me ya kawo dabbobin teku cikin kogi, kuma dab da gaɓa haka? Abinci. A ƙarƙashin St. Lawrence akwai wani dogon kwari mai zurfi da ya taso tun daga tekun Atlantika, sai ya zo ya tuƙe kusa da Tadoussac. A nan ƙasan ruwan yake tashi farat ɗaya daga zurfin kusan mita 300 zuwa wuri marar zurfi. Duk lokacin da ruwan teku ya cika ya turo, ruwan ƙasa mai tsananin sanyi yakan bugi wannan ganuwa ya hauro sama, ya tara ƙananan jatan lande da ake kira kiril da 'yan ƙananan kifaye wuri guda. Manyan wel ɗin nan yawancinsu ba su da haƙora. Wasu faifai masu gashi ne jere a bakinsu, su kamfaci ruwa, su tace, su haɗiye abin da ya maƙale. Da zafi suke cin abincin da zai riƙe su tsawon shekara, shi ya sa suke yin sansani a wurin.

Wanda aka fi gani daga tudu shi ne minki, ƙarami a cikin manyan, mai yawan shigowa har gindin duwatsu. Akwai mai doro, wanda yakan ɗaga wutsiyarsa sama kafin ya nutse. Zanen da ke ƙarƙashin wutsiyar kowanne daban yake, da shi masu bincike suke gane su ɗaya bayan ɗaya. Mai sa'a kuwa yakan hangi shuɗin wel, wanda tsawonsa kan kusanci mita 30, ba a san wata dabba da ta fi shi girma ba. Sannan ga beluga, farin nan tas, ɗan gida wanda ba ya barin yankin rani da damina. Da launin toka ake haihuwarsa, sai ya girma yake yin fari.

Ba kallo ne ya fara kai mutane wurin ba. Tun a ƙarni na 16 mafarautan Basque daga iyakar Faransa da Sifaniya suke zuwa kashe wel don kitsensa, kuma daga baya an yi wa beluga ɓarna sosai. A 1986 dakatar da farautar wel don kasuwanci ta fara aiki a duniya, a 1998 kuma aka mayar da wannan yanki gandun ruwa mai kariya. Duk da haka belugar St. Lawrence har yau tana cikin haɗarin ƙarewa.

A nan ne nake ganin mai kallo daga tudu ya fi mai hawa jirgi gaskiya. Beluga da sauti take neman abinci, da sauti uwa take kiran ɗanta, ƙugin injin jirgi kuwa yana toshe mata wannan hanya. Shi ya sa doka ta hana jiragen ruwa matsowa ƙasa da mita 400 kusa da ita ko shuɗin wel. Wanda ya zauna a kan dutse a Cap-de-Bon-Désir ko Pointe-Noire, wuraren kallo da ke yankin, bai takura wa kowa ba, kuma sau da yawa dabbar da kanta take kawo kanta kusa fiye da yadda doka za ta bar jirgi ya je.

Sai dai abin na masu haƙuri ne. Za ka iya wuni ba ka ga komai ba sai tsuntsaye, ko da yake su ma alama ce, don inda suka yi cincirindo a kan ruwa akwai abinci a ƙasa. Idan Allah ya kai ka can, ka tafi da madubin hangen nesa da rigar sanyi mai kauri, domin ko a watan Yuli iskar da ke tasowa daga ruwan nan tana ratsa ƙashi.