Batirin da Aka Ce Ya Mutu

Zancen kimiyya na wannan mako a kan wani abu ne da ya dami ma'aikatan tsabtace gari a Birtaniya, watau tsohon batirin keke mai tafiya da lantarki. Kekunan nan sun yawaita a birnin London, musamman a hannun samari masu kai abinci gida-gida. Batirinsu na litiyam ne, irin na wayar hannu, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba, gama ƙananan batura ne kamar 40 ko 50 aka jera cikin kwanso guda.

Bayan 'yan shekaru ƙarfinsa yakan ragu, sai mai keke ya ce ya mutu, ya jefa shi a bola. To, a nan kuskuren yake. Batirin ya kasa jan keke ne kurum, amma da sauran wuta a jikinsa. Cikin kowane ƙaramin batir akwai falle biyu, da wani tantani a tsakaninsu wanda bai kai kaurin gashin kai ba, duka suna jiƙe cikin wani ruwa mai saurin kama wuta. Muddin tantanin yana nan lafiya, ba abin da zai faru. Amma motar kwashe shara tana da ƙarfen da ke danne kaya don ta sami wuri. Da ta matse batirin sai tantanin ya yage, fallayen su haɗu, zafi ya tashi nan da nan. Wannan ya kunna na kusa da shi, shi kuma ya kunna na gaba, har su ƙare. Abin da ya fi ba 'yan kwana-kwana wuya shi ne, wutar takan sake tashi bayan an zaci ta mutu. A shekarar 2024 ƙungiyar Material Focus ta ba da labari cewa batura iri-iri sun ta da gobara fiye da 1,200 cikin shekara guda a motocin shara da wuraren tara ta a Birtaniya.

Alhali kuwa abin da aka zubar dukiya ce. Akwai jan ƙarfe a ciki, da nikel, da kobalt wanda mafi yawansa daga ƙasar Kwango ake haƙo shi da wahala. A masana'anta akan fara zuƙe sauran wutar, sa'an nan a farfasa batirin a niƙa shi, a tankaɗe, ya bar wani baƙin gari. Waɗansu, kamar kamfanin Umicore a Beljiyam, sukan narka batura a tanderu. Waɗansu kuwa sukan jiƙa garin a ruwan asid, su tsamo ƙarafan ɗaya bayan ɗaya.

Aikin mai keke dai kaɗan ne, kuma ba shi da hujjar ƙin yinsa. Ya rufe bakin wayoyin batirin da salatif, ya ajiye shi wuri mai sanyi nesa da ƙofar fita, kana ya kai wa shagon kekuna mai karɓa, ko wurin da hukumar gari ta keɓe. In ya kumbura ko ya tsage, kada a yi masa caji, kada kuma a kwana da shi a ɗaki.

Litiyam ɗin kansa shi ya fi wuyar tsamowa, domin a tanderu yakan bi dattin ƙarfe ya tafi. Saboda haka dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2023 ta sassauta a kansa: ta ce zuwa ƙarshen 2027 a riƙa ceto kashi 90 cikin 100 na kobalt da nikel da jan ƙarfe, amma litiyam kashi 50 kaɗai, sai a 2031 ya kai kashi 80.