Tsakanin lauya da ɗan tsakani: wa ke da izinin ba da shawarar shari'a a Maraɗi?

Duk wanda shari'a ta taɓa kai shi babbar kotun Maraɗi ya san su: mutanen da ke tarar mai ƙara tun daga bakin ƙofa, su ce sun san doka, wani lokaci har su ce sun san alƙali. Da yawansu ba su da izinin aikin lauya.

Abin da ya ba su kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma manomin Jiratawa da aka ci masa iyakar gona ba ya da kuɗin ɗauko ɗaya.

Dokar 8 ga watan Yuni 2004 ce ta tsara aikin lauya a ƙasar, sannan ƙungiyar UEMOA ta daidaita ƙa'idojinsa a 2014. Lauya yana yin rantsuwa, dole ya riƙe sirrin wanda yake karewa, in kuma ya ci amana ana iya kai kukansa gun shugaban ƙungiyar lauyoyi. Ɗan tsakani ba wanda ke tsawata masa. In ya ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa har wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, hukunci ya zauna ke nan, kuɗi kuma sun tafi. Mafi muni shi ne mai karɓar "goron alƙali": ko ya kai, ko ya zuba aljihu, laifi ne.

Amma ba duk mai bayanin doka ba ne ɗan damfara. Ƙungiyoyi irin su ANDDH sun horar da mutanen da ke faɗa wa jama'a haƙƙinsu da ofishin da za su nufa, ba tare da sun kira kansu lauyoyi ba. Sarakuna ma, daga fadar Katsinar Maraɗi zuwa ta Gobir a Tibiri, doka ta ba su ikon sasanta rikicin gona da na aure, a rubuta takardar sulhu.

Ga wanda ba shi da hali, tun 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ, mai ofisoshi a manyan kotuna. Bayanin doka a can kyauta ne, kuma wanda ya cika sharuɗɗa ana iya ba shi mai kare shi gaban alƙali.