Wutar da firinta ke sha bayan an kashe kwamfuta

A shagunan buga takardu na Kawo da Unguwar Rimi, akan kashe kwamfuta da yamma a bar firinta da sifika a jone. Ba su daina shan wuta ba, mita kuwa tana ta ƙirgawa. Kayan da ke jan wat 10 dare da rana suna cinye yunit 7 a wata, ga shi tun Afrilun 2024 kuɗin wutar Band A ya yi tsada.

Akwai soket mai yanke wuta da kansa. Kwamfuta ce ake sakawa a babban raminsa, sauran kayan a ƙananan. Da zarar an kashe ta, sai ya katse musu wutar gaba ɗaya. Mai shago, a nemi irinsa, amma kada a sa masa na'urar intanet da ake son ta kwana a kunne.