Yawon buɗe ido don lalata: Yadda baƙi masu kuɗi ke farautar talauci a ƙasashe masu tasowa

A watan Afrilun 2024, magajin garin Medellin na ƙasar Kolombiya, Federico Gutierrez, ya haramta karuwanci na tsawon wata 6 a wasu sassan unguwar El Poblado, inda otal-otal da gidajen rawa suka fi yawa. Abin da ya tunzura shi shi ne samun wani Ba'amurke da 'yan sanda suka yi a ɗakin otal tare da 'yan mata biyu, ɗaya mai shekara 12, ɗaya mai 13. An saki mutumin, kuma kafin a ankara ya hau jirgi ya koma ƙasarsu.

Lamarin ya tayar da ƙura, amma ba sabo ba ne. Ɗaya ne daga cikin fuskokin wata harka da ta daɗe tana tafiya a inuwar yawon buɗe ido, wato mutum ya bar ƙasarsa ya nufi wata da ta fi talauci domin biyan buƙatarsa ta sha'awa da kuɗi. Akwai mata masu yin irin wannan tafiya, sai dai mafi yawan masu yin ta maza ne. Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan karuwancin manya, amma idan abin ya shafi yaro ko yarinya, babban laifi ne a ko'ina. Matsalar ita ce, a kasuwar da yunwa ke kawo haja, ba kowa ke tsayawa tambayar shekaru ba.

Asalin harkar

Manyan cibiyoyin wannan harka a nahiyar Asiya sun samo tushe ne daga yaƙi. Garin Pattaya na ƙasar Tailan ƙauyen masunta ne kafin shekarun 1960. Da yaƙin Biyetnam ya yi zafi, sai Amurka ta girke dakaru a Tailan, ciki har da sansanin jiragen yaƙi na U-Tapao da ba shi da nisa da garin. Sojojin da aka ba hutu suka riƙa kwarara bakin teku da dala a aljihu, mashaya da ɗakunan kwana suka yi ta tsirowa. Lokacin da dakarun suka janye a 1976, kasuwar ta riga ta kafu, sai kawai ta sauya abokan ciniki: 'yan yawon buɗe ido daga Turai da Japan da Ostireliya suka maye gurbin sojoji. Da yawa daga cikin matan da ke aiki a wuraren sun fito ne daga Isan, yankin manoma na arewa maso gabas da ya fi ko'ina talauci a ƙasar.

Haka abin ya kasance a Filifin, inda birnin Angeles ya bunƙasa a gefen sansanin Clark, Olongapo kuma a gefen sansanin sojan ruwa na Subic. Bayan aman wutar Dutsen Pinatubo a 1991 da ƙin sabunta yarjejeniyar sansanonin da Majalisar Dattawan ƙasar ta yi a shekarar, Amurkawa sun kammala ficewa a 1992. Sojoji sun tafi, mashaya sun tsaya.

Dalilan da ke rura wutar

Dalili na farko shi ne tazarar arziki. Ma'aikacin da a ƙasarsa albashinsa da ƙyar yake kai shi ƙarshen wata, da zarar ya canza kuɗinsa a wata ƙasa sai ya wayi gari attajiri. Abin da yake kashewa a cin abincin dare ɗaya na iya zama kuɗin cefanen mako na wani gida. Inda tazara ta kai haka, kalmar amincewa kan rasa nauyinta, domin yarinyar da ake bin iyayenta kuɗin haya ba ta da zaɓi irin na wanda ya zo hutu.

Na biyu shi ne nisa da gida. A garin da ba a san mutum ba, babu maƙwabci, babu suruki, babu abokin aiki da zai gan shi. Wasu kan ƙara wa kansu da wata hujja ta raini, cewa wai a can al'adarsu ce, ko kuma cewa taimako suke yi wa matalauta.

Na uku shi ne sauƙin tafiya. Alƙaluman hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a 1950 kimanin mutum miliyan 25 ne suka tsallaka iyaka don yawo, amma a 2019 adadin ya kusa biliyan ɗaya da rabi. Mafi yawansu mutanen kirki ne, sai dai ko kaɗan ne suka baci a cikin wannan taro, sun isa su cika gari. Intanet kuma ta rage aikin kawali: ana iya daidaitawa tun kafin a sayi tikiti, a kama gidan haya na 'yan kwanaki inda babu mai karɓar baƙi balle ya tambayi wace ce aka shigo da ita.

Afirka ba ta tsira ba

A 2006, gwamnatin Kenya da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, sun fitar da wani rahoto a kan garuruwan gaɓar teku irin su Mombasa da Malindi da Kilifi da Diani. Rahoton ya ƙiyasta cewa 'yan mata dubu 10 zuwa dubu 15 masu shekara 12 zuwa 18 kan sayar da jikinsu lokaci zuwa lokaci. Game da masu neman su, kashi 38 cikin 100 'yan Kenya ne, kashi 18 'yan Italiya, kashi 14 Jamusawa, kashi 12 kuma 'yan Suwizalan.

Akwai darasi a waɗannan alƙaluma. Baƙi ne ke kawo kuɗin da ke buɗe kasuwar, amma da ta buɗu, 'yan gida ma kan shiga, har su fi kowace ƙasa yawa. Idan lokacin zuwan baƙi ya wuce, su ne ke riƙe da ita.

A Gambiya, wadda yawon buɗe idonta ya faro da zuwan 'yan Suwidin a 1965, an fi jin labarin Turawa mata masu manyan shekaru da samarin bakin teku a yankin Kololi. Wannan labari ya daɗe yana rufe wanda ya fi shi muni, na maza baƙi da ke kusantar iyalai matalauta da sunan ɗaukar nauyin karatun yara. Saboda haka ne ƙasar ta kafa dokar laifuffukan yawon buɗe ido a 2003.

Idan aka fake da aure

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawa kaɗai ke wannan ta'asa. A wasu ƙasashe rigar aure ake sa mata. A Masar akwai abin da ake kira auren bazara, inda wasu attajirai daga ƙasashen yankin Gulf kan biya dillali da iyaye su auri yarinya na 'yan makonni a garuruwa irin su Hawamdiyya da ke kudu da Alƙahira, su sake ta idan hutu ya ƙare. A 2015 Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta wajabta wa baƙon da ya girmi amaryarsa da fiye da shekara 25 ya ajiye fam dubu 50 da sunanta a banki. Masu kare haƙƙin mata sun soki matakin da cewa farashi kawai ya yanka wa cinikin.

A birnin Hyderabad na Indiya, 'yan sanda sun kama mutum 8 'yan Oman da Katar a watan Satumban 2017, tare da dillalai da wasu masu ɗaura aure, bisa zargin shirya auren ƙananan yara mata. A yankin Puncak na Indonesiya ma an san auren kwantiragi na 'yan kwanaki, duk da cewa Majalisar Malaman ƙasar ta ba da fatawar haramta auren wa'adi tun 1997. Sunan ya bambanta, amma tsarin ɗaya ne: mai kuɗi ya zo daga nesa, ya biya, ya tafi.

Wa ke cin riba, wa ke biyan bashi

Hausawa kan ce sai da ɗan gari akan ci gari. Baƙon da ya sauka jiya bai san lungu ba, sai an nuna masa. Tsakaninsa da yarinyar akwai direban tasi, da ɗan rakiya, da mai mashaya, da ma'aikacin otal da ke kawar da kai, da jami'in da ke karɓar na goro. Kowa na yagar rabonsa, abin da ke isa hannunta shi ne ragowa. Wannan ne ya sa haramci a takarda bai cika yin tasiri ba. Tailan ta haramta karuwanci tun 1960, amma hakan bai hana Pattaya zama abin da ta zama ba.

Ita kuwa asarar a gida take zama, domin baƙo raɓa ne. Yarinyar da ta bar makaranta ba ta cika komawa ba. Cututtuka na yaɗuwa, kamar yadda Tailan ta gani lokacin da cutar ƙanjamau ta yi mata ƙamari, har ta ƙaddamar da shirin tilasta amfani da kwaroron roba a gidajen karuwai a faɗin ƙasar a 1991. Sai kuma 'ya'yan da ba su san ubanninsu ba. Dubban 'ya'yan sojojin Amurka aka bari a Filifin, kuma dokar da Amurka ta yi a 1982 don sauƙaƙa wa irin waɗannan yara shiga ƙasarta ta ambaci Koriya da Biyetnam da Laos da Kambodiya da Tailan, ta tsallake Filifin.

Dokar da ke bin mutum har gida

Shekaru da dama, samame a kan matan ake kai shi, a kama su, a ci su tara, mai biyan kuɗin kuwa ya wuce filin jirgi. Sauyi ya fara ne a 1990, lokacin da aka kafa ƙungiyar ECPAT a Tailan don yaƙi da lalata yara a harkar yawon buɗe ido. A 1996 aka yi babban taron duniya na farko a kan batun a Stockholm, sannan a 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙarin yarjejeniya a kan sayar da yara da jefa su karuwanci.

Babban abin da ya biyo baya shi ne dokokin da ke ba ƙasa ikon hukunta ɗanta a kan laifin da ya aikata a waje. Ostireliya ta yi tata a 1994, kuma a 2017 ta ƙara da hana fasfo ga waɗanda ke cikin rajistar masu lalata yara. Dokar Amurka ta 2003 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 30. Norway ta zarce haka a 2009, inda ta haramta wa 'yan ƙasarta sayen jima'i ko a gida ko a waje, ko da da babba ne.

Dokokin sun yi aiki a wasu shari'o'i. A 2015 wata kotu a Birmingham ta ɗaure Simon Harris, tsohon malamin makaranta da ya fake da aikin agaji ya lalata yaran titi a garin Gilgil na Kenya, shekara 17 da wata 4, bayan yaran sun ba da shaida ta bidiyo daga ƙasarsu. A 2016 kuma wata kotu a Landan ta yanke wa Richard Huckle ɗaurin rai da rai sau 22 saboda lalata yara a Malesiya, inda ya shiga cikin matalauta a matsayin malamin Turanci. Duk su biyun ba a mashaya suka yi farauta ba, da rigar taimako suka shiga.

Sai dai irin waɗannan shari'o'i ba su da yawa. Tattara shaida daga wata ƙasa na da tsada, shaidu yara ne matalauta da ake iya rufe bakin iyayensu da kuɗi kaɗan, wasu gwamnatoci kuma na tsoron abin da zai kori baƙi. Ga shi harkar ta fara komawa intanet, inda mutum ke zaune a ɗakinsa ya tura kuɗi a lalata yaro yana kallo kai tsaye. Filifin, wadda abin ya fi addaba, ta yi doka ta musamman a kansa a 2022, a shekarar da ta ɗaga shekarun amincewa daga 12 zuwa 16.

Abin da ya shafi Najeriya

Wani babban bincike da ECPAT ta wallafa a 2016 ya gano cewa masu wannan laifi ba su da kama ɗaya. Akwai ɗan yawon buɗe ido, akwai ɗan kasuwa, akwai mai halartar taro, akwai ma'aikacin agaji, kuma da yawansu daga cikin ƙasar ko maƙwabtanta suke. Wasu ma ba da niyyar suka bar gida ba, dama suka samu suka ga babu mai gani. Wannan ya shafi duk wanda fatauci ko aikin ofis ke kai shi ƙasashen waje: dokar ƙasar da ya sauka tana kansa, kuma cewa bai san shekarun yarinya ba ba ta cika kuɓutar da mutum a kotu ba.

A cikin gida, dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba ga wanda ya shirya ko ya tallata tafiya ƙasar waje da ke ƙarfafa karuwanci. Yayin da jihohi ke neman jawo baƙi da bukukuwa da otal-otal, abin da ya faru a Mombasa da Medellin ya nuna inda ya kamata a fara: rajistar duk wanda ya shiga ɗakin otal, hana shigar da yaro ba tare da waliyyinsa ba, binciken masu zuwa aiki gidajen marayu, da kuma mayar da idon hukuma kan mai biya da kawalinsa. Garuruwan da suka jira sai kasuwar ta kafu sun shafe shekaru suna neman tumɓuke ta, har yau ba su gama ba.