Tsiron Kwalba: Gatan da ke Raunana Shuka

Idan aka yanko ɗan tsinin tohon ayaba wanda bai wuce ƙwayar dawa ba, aka tsabtace shi daga ƙwayoyin cuta, aka rufe shi cikin kwalba a kan abinci na musamman, yana iya hayayyafa ya ba da ɗaruruwan tsirrai masu halin uwarsu. Ta wannan hanya ce cibiyar IITA da ke Ibadan take adana irin rogo da doya da ayaba.

Abincin da aka fi amfani da shi, Toshio Murashige da Folke Skoog ne suka haɗa shi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1962. Ya ƙunshi gishirin ma'adinai da bitamin da sukari, galibi giram 30 a lita ɗaya, sannan a daskarar da shi da agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, har ya kafe kamar kamu. Tun a 1957 Skoog da Carlos Miller suka nuna, da tsiron taba, cewa sinadarai biyu ke juya akalar girma: in oksin ya rinjaya sai saiwa ta fito, in kuwa saitokinin ne sai toho. Ɗakin renon yakan tsaya wajen digiri 25, fitilu na ci awa 16 a yini.

To, a nan gizo ke saƙa. Iskar cikin kwalba cike take da laima, don haka ganyen ba ya yin isasshen kakin da ke rufe fatarsa, kuma ƙananan kafofinsa na numfashi ba sa rufuwa yadda ya kamata. Ga sukari a sama, ga haske mai rauni, sai shukar ta yi sanyi wajen haɗa abincinta. In laimar ta wuce kima, ko saitokinin ya yi yawa, ganye yakan kumbura da ruwa ya yi garau kamar gilashi. Ɗalibi zai ga kore shar ya ɗauka lafiya ce, alhali in aka fitar da irin wannan tsiro cikin busasshiyar iskar hunturu, nan da nan zai yanƙwane.

Saboda haka ba a kai shi gona kai tsaye. Ana wanke agar daga saiwarsa, domin sukarin da ke ciki yana jawo fumfuna, a dasa shi cikin ƙasar da aka turara, a lulluɓe da leda a inuwa. Ana buɗe ledar kaɗan-kaɗan na tsawon makonni, har sababbin ganyaye masu kaki su fito.